Windows ko Linux a Ofisoshin Gwamnatin Ghana, da Ɓangare na Uku da Ke Circle

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro kyauta ga Windows 10, kuma wannan mataki, wanda aka yanke shi a Amurka bisa lissafin kasuwanci, ya sake ajiye wata tsohuwar tambaya a gaban hukumomin ƙasashe irin su Ghana, wato wace babbar manhaja ce ta dace da kwamfutocin gwamnati. Babbar manhaja ita ce wadda ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, ta raba wa sauran manhajoji ma'adana da lokacin aiki, ta kuma tantance wanda ke da izinin buɗe wane fayil, saboda haka duk ɓarakar da aka samu a jikinta takan zama ƙofa ga duk abin da ke cikin injin. Masu ƙera ta sukan toshe irin wannan ɓaraka da ƙananan gyare-gyare da ake kira faci, waɗanda ake saukewa ta intanet, kuma ranar da faci ya daina zuwa, kowace sabuwar kafa da 'yan dandatsa, wato masu kutse cikin kwamfutocin mutane, suka gano za ta zauna a buɗe. Windows 11, wadda ta gaji ta 10, tana buƙatar wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da injin sarrafa bayanai na baya-bayan nan, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Hukumar da ke da irin waɗannan injuna za ta iya sayen sababbi, ko ta biya Microsoft dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko domin faci ya ci gaba da zuwa, kuɗin da ke ninkawa kowace shekara har shekara uku, ko kuma ta sauya babbar manhajar ɗungurungum. Akwai hanya ta huɗu, wadda ba a rubuta ta a kowace takardar tsari ba amma ta fi kowacce sauƙin bi, ita ce a bar injunan yadda suke.

Tambayar ta shafi mazauna Nima da Maamobi da sauran unguwannin zango na Accra fiye da yadda ake tsammani, domin yawancin hulɗarsu da hukuma yanzu ta kwamfuta take bi, daga Katin Ghana da hukumar rajistar 'yan ƙasa ke bayarwa, zuwa inshorar lafiya, takardar haihuwa, fasfo, da harkokin majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda aka kafa a 2018. Al'ummar zango tana da dalili na musamman na damuwa da lafiyar rajistar gwamnati, ganin cewa dattawanta ba su manta da dokar korar baƙi ta watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Ga jikan wanda ya ga wannan rana, bayanin da ya ɓace ko aka jirkita a rumbun hukuma yana iya nufin ya sake tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne tun daga farko. Hatsarin kuma an riga an ɗanɗana shi, domin a ƙarshen watan Satumba na 2022 tsarin sayar da wutar lantarki na kamfanin ECG, mallakar gwamnati, ya tsaya na kwanaki, mutane suka yi ta bin layi da kuɗinsu a hannu ba su samu saye ba, daga baya kuma shugabannin kamfanin suka danganta abin da harin manhajar garkuwa da bayanai, wato irin wadda ke kulle fayilolin kwamfuta sai an biya kuɗin fansa.

Ghana ba ta rasa dokoki a wannan fanni ba. Doka mai lamba 771 ta 2008 ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, wadda aka fi sani da NITA, ta ɗora mata tsara ƙa'idojin kwamfuta na ma'aikatu. Doka ta 843 ta 2012 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya kare su. Doka ta 1038 ta 2020 kuma ta haifar da Hukumar Tsaron Intanet, wadda ta fara aiki a 2021, aka kuma ware fannoni 13, ciki har da lafiya, makamashi, banki da gwamnati kanta, a matsayin waɗanda tsayawar kwamfutocinsu ke iya girgiza ƙasa. Dokokin sun nuna wanda alhaki ke wuyansa, amma ba su zaɓa wa kowa babbar manhaja ba, a nan ne kuma ɓangarori biyu suka ja daga.

Ɓangare na farko yana kira da a koma Linux, wadda Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, ya fara rubutawa a 1991, ake kuma rarraba ta a nau'o'i daban-daban irin su Debian da Ubuntu. Linux buɗaɗɗiyar manhaja ce, ma'ana rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na da damar ya karanta, ya gyara, ya rarraba ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, saɓanin Windows, wadda rubutunta sirrin kamfani ne. Hujjar da masu wannan ra'ayi suka fi jaddadawa ita ce ƙasa mai cin gashin kanta bai dace ta ajiye sirrinta a cikin abin da ba ta iya leƙa cikinsa ba. Sukan ambaci tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013 game da leƙen asirin Amurka ta hanyoyin sadarwa, da dokar CLOUD ta 2018, wadda ta ba hukumomin shari'ar Amurka damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su, da kuma kutsen 2023, inda 'yan dandatsa da Amurka ta alaƙanta da Sin suka mallaki wani mabuɗin sirri na Microsoft suka karanta wasiƙun imel kimanin 60,000 na ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Kwamitin binciken da gwamnatin Amurka ta kafa ya fitar da rahoto a 2024 yana cewa kurakurai ne da za a iya kauce musu suka jawo abin. Idan ma'aikatar da ke Washington ba ta tsira ba, in ji su, da wane dalili ma'aikata a Accra za ta kwanta da ido biyu rufe?

Hujjarsu ta biyu ta shafi dogaro da abu ɗaya. Idan dukkan ofisoshin ƙasa suna kan babbar manhaja guda, kafa ɗaya ta isa ta durƙusar da su a rana ɗaya, kuma masu ƙera miyagun manhajoji sukan fi zuba ƙarfinsu a kan wadda ta fi yawa a teburan ofis. A ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa a tsarin musayar fayiloli na Windows ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, a Ingila kuma ta sa hukumar lafiya ta soke ganawar majinyata da likitoci kusan 19,000. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gurɓataccen gyara daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya kashe injunan Windows kimanin miliyan 8.5, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya, alhali babu ɗan dandatsa ko ɗaya a cikin lamarin. Sukan ƙara da wani bambanci na yau da kullum wanda bai kai waɗannan suna ba amma ya fi su tasiri a ƙaramin ofis: a Linux, ana ɗauko manhajoji ne daga rumbu guda mai hatimin sirri da ke tabbatar da cewa ba a taɓa su a hanya ba, faci kuma yakan zo wa babbar manhaja da sauran manhajojin a lokaci guda, ma'aikaci kuma ba shi da izinin girka wani abu sai da kalmar sirrin mai kula da injin.

Sai batun kuɗi, wanda a Ghana ba ƙaramin batu ba ne. Farashin lasisi da dala ake ƙayyade shi, kasafin ma'aikatu kuwa da sidi, kuma a 2022 dala ta tashi daga kimanin sidi 6 a farkon shekara zuwa sama da sidi 13 a watan Nuwamba, abin da ke nufin kwangilar da aka sa wa hannu a Janairu ta ninka nauyi kafin shekara ta fita. Kwamfutar da Windows 11 ta ƙi karɓa tana iya ɗaukar Ubuntu, wadda nau'inta mai dogon tallafi ke samun faci kyauta na shekara biyar. Masu wannan ra'ayi sukan kuma tuna cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba baƙuwa ba ce a Accra. Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa, wadda Ghana da Indiya suka kafa a unguwar Ridge a 2003 kuma Dorothy Gordon ta shugabanta a shekarunta na farko, ta daɗe tana horar da matasa a kanta, ta karɓi baƙuncin taron Idlelo na masu buɗaɗɗiyar manhaja na Afirka a 2010, daga baya ma ta fitar da babbar manhaja ta gida mai suna Nyansapo da aka gina kan Linux. Tun 2012 kuma hukumar lafiya ta Ghana ke tattara alƙaluman asibitocin gundumomi da DHIMS2, wanda tushensa buɗaɗɗiyar manhaja ce daga Jami'ar Oslo, ma'aikatan ƙasar ne kuma ke tafiyar da shi.

Ɓangare na biyu, masu ganin a zauna kan Windows, sukan fara amsarsu ne da WannaCry ɗin da aka kafa musu hujja da ita. Microsoft ya fitar da facin wannan kafa tun ranar 14 ga Maris, 2017, wata biyu kafin harin, kuma galibin injunan da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana samun tallafi, masu ita ne ba su girka facin ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ofishin da ya yi wata biyu bai girka facin Windows ba, ba a ga abin da zai sa ya girka na Linux ba, kuma kwamfutar Linux da aka yi watsi da ita buɗaɗɗiyar ƙofa ce kamar kowace. Sukan ƙara da cewa hare-hare da yawa ba ta jikin babbar manhaja suke shiga ba: wasiƙar yaudara da ke sa ma'aikaci ya rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi, ko kalmar sirri ɗaya da mutum biyar ke amfani da ita a ofis, ko ma'aikacin da aka saya, duk waɗannan ba ruwansu da sunan manhajar da ke kan tebur, kuma masu garkuwa da bayanai sun daɗe da ƙera nau'o'in da ke kai hari kan uwar garken Linux, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai tana yi wa sauran hidima.

Sun fi ƙarfi, a gaskiya, idan suka zo kan da'awar cewa buɗaɗɗen rubutu ya fi aminci saboda idanu da yawa na kansa. Damar karantawa daban, karantawar daban. Kafar da ake kira Heartbleed ta zauna shekara biyu a cikin OpenSSL, manhajar da ke sirranta sadarwar shafukan intanet masu yawan gaske, kafin a gano ta a watan Afrilu na 2014, sai ga shi mutane ƙalilan ne ke kula da ita da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A Disamba 2021 an sake ganin irin haka da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Log4j. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na watan Maris na 2024, inda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin wata ƙaramar manhajar matse fayiloli mai suna xz har aka amince masa, sannan ya dasa ƙofar baya, wato hanyar shiga ta ɓoye, wadda da ta kai ga manyan nau'o'in Linux da ta buɗe uwar garke masu ɗimbin yawa. Wanda ya gano ta, Andres Freund, injiniya ne a Microsoft, kuma jinkirin rabin daƙiƙa ne da ya lura da shi wajen shiga wani inji ya sa ya bi diddigi. Kowane ɓangare na jan wannan labari zuwa gefensa, ɗaya na cewa buɗewar rubutun ce ta ba da damar kamawa, ɗayan na cewa sa'a ce kawai, kuma dukansu suna da gaskiya. Game da leƙa ciki kuwa, Microsoft yana da shiri tun 2003 da ke ba gwamnatoci damar duba rubutun Windows bisa sharuɗɗa, ko da yake duba rubutu mai layi miliyoyi aiki ne da ƙasashe kaɗan ke da ma'aikatansa, ko a buɗe yake ko a rufe.

Ragowar hujjojinsu na aiki ne. Ma'aikacin gwamnati a Ghana Word da Excel ya koya tun daga makaranta, takardun ofis na shekaru masu yawa a tsarinsu suke, kuma na'urorin ɗaukar hoton yatsa da na buga kati da wasu injunan asibiti sukan zo ne da direba na Windows kaɗai, direba kuwa shi ne ɗan guntun manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Windows tana da kayan aikin da ke ba jami'i ɗaya damar sarrafa dubban injuna daga kujerarsa, ya tilasta musu faci, ya rufe asusun wanda ya bar aiki, kuma masu wannan ilmi sun fi masu irinsa na Linux yawa a kasuwar aiki. A 2020, lokacin annobar korona, dandalin Smart Workplace da gwamnati ta buɗe wa ma'aikata domin su yi aiki daga gida an gina shi ne kan manhajojin ofis na Microsoft, don haka sauya sheƙa yanzu na nufin warware abin da aka riga aka kashe wa kuɗi. Sannan sai su kawo Munich. Majalisar wannan birni na Jamus ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, ta ɗauki shekara goma kafin ta kammala da injuna kusan 15,000, sai ga shi a 2017 ta zaɓi komawa Windows. Afirka ta Kudu ma ta amince da manufar fifita buɗaɗɗiyar manhaja a 2007, amma manufar ba ta sauya teburan yawancin ofisoshinta ba. Hatta babbar manhaja ta gida, wadda ke da daɗin ambato a bakin 'yan siyasa, tana da nata hatsarin, domin duk facin da ya fito daga tushe sai 'yan ƙalilan masu kula da ita sun karɓa sun gwada sun tura, kuma ranar da kasafinsu ya yanke, injunan da ke kanta sun zama marayu.

Duk wannan muhawara an gina ta ne a kan zaton cewa zaɓin yana tsakanin Windows mai lasisi da ake kula da ita da Linux da ake kula da ita, wanda kuwa ya san unguwar Circle ta Accra ya san akwai ɓangare na uku. A gefen gadar Kwame Nkrumah da aka buɗe a 2016 akwai layin Tip Toe, inda akwatunan gilashi cike da wayoyi suka jeru ƙarƙashin lema, samari na tare mai wucewa suna tambayarsa ko saye zai yi ko musaya, a cikin shaguna kuma an jibge kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da suka shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema, wasu har da tambarin kamfanin Turai ko makarantar Amurka da ta yi amfani da su a manne a murfinsu. Mai gyara a nan yana da filashi guda da ya tara komai a ciki, kuma idan aka kawo masa injin da ya ƙi tashi, maganin da ya fi sauri shi ne ya goge shi ya girka Windows da Office sababbi kafin mai shi ya gama cin abinci. Da yawa daga cikin injunan suna ɗauke da lasisin Windows na asali a jikinsu, amma Office ba ta zuwa haka, don haka sai a kawo wata ƙaramar manhaja da ke yaudarar injin ya ɗauka an biya. Manhajar tsaro ta Windows takan ga wannan a matsayin cuta ta hana shi aiki, sai a kashe ta. Wani lokaci a kashe saukar faci ma, don kada ya cinye wa mai injin data ko ya warware abin da aka ƙulla. Asusun da za a miƙa wa mai kaya kuma shi ne na mai cikakken iko. Injin zai fita daga shagon yana aiki sumul, amma an cire masa kusan duk kariyar da ɓangare na biyu ke alfahari da ita, an kuma saka masa wani abu da ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

Ba laifin mai gyara ba ne, domin abin da kasuwa ta nema ya sayar, a farashin da mai saye ke iya biya. Abin lura shi ne hanyoyin da irin wannan inji ke bi ya taɓa aikin gwamnati suna da yawa: ma'aikacin da ya zo da kwamfutarsa saboda ta ofis ta mutu, kyautar kwamfutoci daga ɗan siyasa ko ƙungiya wadda ba ta bi ta hannun jami'in fasaha ba, injin da aka kai gyara da kuɗin aljihu saboda takardar neman kuɗin gyara za ta yi watanni a hanya, da filashin da ke kai-komo tsakanin shagon buga takardu da teburin sakatare. Wannan gaskiya tana rage wa kowane ɓangare ƙarfi. Masu Windows suna kare wani tsari ne da sai an biya cikakken kuɗinsa yake tsayawa, kuma inda ba a biya ba abin da ke maye gurbinsa ya fi komai hatsari. Masu Linux kuwa suna mantawa cewa idan injin ƙaramin ofis ya tsaya ranar Litinin da safe, wanda za a kira yana Circle ko Nima, kuma idan bai san Linux ba zai goge ta ya mayar da abin da ya sani.

Sai dai tazarar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Waɗannan samari kullum suna sake girka manhajar wayoyin Android, waɗanda zuciyarsu Linux ce, suna buɗe makullan wayoyi da umarnin da ake rubutawa da hannu, kuma yawancinsu a bakin aiki suka koya, a hannun maigida. Wanda ya iya wannan ba zai gagara koyon girka Ubuntu da kula da ita ba, in har akwai mai biyansa ya yi.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, wasu sukan faɗi da kansu. Da'awar cewa Linux kyauta ce ta tsaya ne a kan lasisi kaɗai, domin horar da ma'aikata, sauya tsofaffin takardu da albashin ƙwararru duk kuɗi ne, a shekarun farko ma suna iya zarce abin da aka tsimi; amfaninta na gaskiya shi ne kuɗin da sidi ake kashe shi, a cikin gida. Da'awar cewa ma'aikata ba za su iya ba ita ma ta yi rauni, tunda ayyuka da yawa, kamar na dandalin Ghana.gov da aka ƙaddamar a 2021 da na DHIMS2, ta manhajar shiga intanet ake yin su, wadda kamanninta ɗaya ne a kowace babbar manhaja. Labarin Munich kuma ba ya faɗin duk abin da ake sa shi ya faɗa, domin binciken ƙwararru da birnin ya sa aka yi ya ɗora kaso mai yawa na matsalolin a kan rarrabuwar sassan kula da kwamfuta, a 2020 kuma sabuwar majalisa ta sake karkata ga buɗaɗɗiyar manhaja. Rundunar jandarmomin Faransa ta bi wata hanya dabam: ta fara sauya manhajar ofis a 2005, ta bi da manhajar shiga intanet a 2006, sai a 2008 ta taɓa babbar manhaja, lokacin da ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikinsu, kuma a yau kimanin injuna 100,000 ne ke kan nau'inta na Ubuntu. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ta sanar a 2024 cewa za ta sauya injuna 30,000, ita ma da manhajar ofis ta fara. Jandarmomi suna da abin da Munich ba ta da shi, wato umarni guda daga sama da sashe guda mai kula da injuna, wannan kuwa darasi ne ga ƙasar da kowace ma'aikata da kowace majalisa ke sayen kayanta da kanta.

Batun 'yancin ƙasa yana da nauyi, amma babbar manhajar tebur ƙaramin yanki ce a cikinsa. Inda bayanai ke kwana, da wanda ke riƙe da mabuɗinsu, da tsarin da aka ajiye su a kai, da abin da kwangila ta ce idan aka ɓata da ɗan kwangila, waɗannan ne ke tantance ko gwamnati za ta iya ɗaukar kayanta ta tafi. Hukumar da ta girka Linux a tebur amma ta bar rumbunta a hannun kamfani ɗaya bisa tsarin da shi kaɗai ya iya karantawa ba ta sami 'yancin komai ba.

Hukuncin da ya fi dacewa da halin Ghana, saboda haka, ya fi karkata ga ɓangare na farko, amma ba a kan dukkan dalilansa ba kuma ba a rana ɗaya ba. Uwar garke da injunan kanta masu aiki ɗaya, irin na karɓar kuɗi da cike fom, da tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi, ya kamata su koma wani sanannen nau'in Linux mai dogon tallafi, bayan an fara mayar da takardun ofis zuwa buɗaɗɗen tsari. Inda na'urar hoton yatsa ko injin asibiti ya tilasta Windows, a bar ta, a biya lasisinta cikakke a rubuta shi a kasafi, a kuma sa sharaɗi a kwangiloli masu zuwa cewa na'ura ta zo da direban Linux. Ya rage ga NITA da Hukumar Tsaron Intanet su ƙidaya injunan kowace ma'aikata da majalisa, su san wace manhaja ke kan kowanne da ranar da ya karɓi faci na ƙarshe, su kuma tabbatar akwai kwafin bayanai da aka ajiye nesa da intanet, wanda aka gwada dawo da shi. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da dokar 2017, tare da cibiyar Kofi Annan, suna iya horar da masu gyara na Circle da Nima da Maamobi su ba su takardar shaida, majalisu kuma su riƙa ba su kwangilar gyara a hukumance. Kwamfutar da ba ta samun faci, ko wadda ba a san asalin manhajar da ke kanta ba, bai kamata a ba ta izinin haɗuwa da rumbun bayanan 'yan ƙasa ba, Windows ce a kanta ko Linux.